Rabin Zakaran Da Ba Ya Cara: Zagaye A Tsohon Garin Kolon

Duk wanda ya taso yana murɗa akwatin rediyo a ƙasar Hausa ya san sunan Kolon, domin daga wannan birni ne Sashen Hausa na Muryar Jamus ya riƙa watso shirye-shiryensa tun daga 1963, har zuwa 2003 lokacin da gidan rediyon ya ƙaura zuwa Bon. Amma sanin suna daban, sanin gari daban. Mutanenmu da yawa da ke zuwa can, 'yan kasuwa da ɗalibai da masu halartar baje koli, sukan sauka a babbar tashar jirgin ƙasa, yunwa ta kora su cikin tsohon gari, su zauna gaban takardar abinci ba su san abin da za su nuna da yatsa ba.

Da fitarka daga tasha babu abin da zai tare maka ido sai babbar majami'ar nan da suke kira Dom. An sa harsashinta a 1248, ba a gama ta ba sai 1880, kuma tsawon hasumiyoyinta biyu ya kai mita 157. Daga gindinta zuwa bakin kogin Rain, nan ne tsohon gari. Sai dai tsufan na suna ne kawai, gama jiragen yaƙi sun ragargaza tsakiyar birnin a Yaƙin Duniya na Biyu, musamman daga daren 30 ga Mayu 1942, sa'ad da Ingila ta aiko da jirage wajen dubu. Yawancin gidajen nan masu tsinin rufi da baƙi ke ɗaukar hotonsu, bayan yaƙi aka sake tayar da su bisa kamanninsu na dā.

Abin da yaƙin bai rusa ba shi ne al'adar zama a gidan giya. A nan dole in ja hankalin mai karatu, kada ya ɗauka irin mashayar da muka sani ce a bayan gari, wadda mai mutunci ba ya son a gan shi a ƙofarta. A Kolon gidan giya shi ne gidan abinci, shi ne kuma dandalin hira. Tsoho da jikarsa, lauya da mai gyaran famfo, duk a kan dogon tebur ɗaya na katako wanda aka goge har ya yi fari. In ka ga gurbi sai ka nemi izini ka zauna kusa da wanda ba ka taɓa gani ba.

Wanda ya fi kowanne cika shi ne Früh, daura da majami'a, wanda Peter Josef Früh ya buɗe a 1904. Ɗakuna ne cikin ɗakuna, har da na ƙarƙashin ƙasa, kuma hayaniyarsa da tsakar rana kai ka ce Kasuwar Kurmi. Akwai Sion a wani lungu kusa, masu shi suna kai tarihin wurin har 1318. Ni dai wanda ya fi kwanta mini shi ne Malzmühle da ke gefen filin Heumarkt, wanda ke nan tun 1858, saboda 'yan gari sun fi yawa a cikinsa, kuma ba a yi masa kwalliyar jawo baƙi ba. Nan ne Shugaba Bill Clinton na Amurka ya ci abinci a 1999, lokacin taron ƙasashe takwas masu ƙarfin masana'antu.

Sarkin gidan kuwa shi ne sabis, wanda ake kira Köbes. Za ka gane shi da shuɗin gyauton aiki da jakar kuɗi ta fata a ƙugu. Ba ya rusunawa, ba ya kuma yi wa kowa fara'ar dole, gatse da baƙar magana ne adonsa, mutanen garin ma alfahari suke yi da haka. Giyarsu, Kölsch, a cikin siririn tambulan ake zuba ta, mai cin kashi ɗaya cikin biyar na lita, sabis yana yawo da su jere a cikin wani zagayayyen tire mai mariƙi. Da ya ga tambulan ya ƙare sai ya dire wani ba tare da tambaya ba, ya ja layi da fensir a kan ɗan faifan kwalin da ke gabanka. Da waɗannan layuka ake lissafi. Wanda ya ƙoshi sai ya rufe bakin tambulan da faifan. Tun 1986 masu dafa giyar suka ƙulla yarjejeniya a kan abin da ya cancanci sunan Kölsch da inda za a dafa shi, kuma babban abin kunya ne mutum ya nemi baƙar giyar Dusseldorf a nan, don tsakanin garuruwan biyu akwai irin wasan Kanawa da Zazzagawa.

To, ina matsayin wanda ba ya sha? Ya faɗa tun kafin ya gama zama, in ba haka ba zai tarar an dire masa. Akwai ruwa, akwai ruwan tuffa mai gas da suke kira Apfelschorle. Sai dai ya shirya wa ba'a, gama sanannen abu ne sabis ya tambayi mai neman ruwa ko a haɗo masa da sabulu da tawul. Dariya ita ce amsa.

Inda hatsarin yake shi ne takardar abinci, domin sunayen ba sa faɗin gaskiya. Halver Hahn ma'anarsa rabin zakara, alhali ko gashin kaza babu a ciki: burodi ne da yankakken cuku mai kauri, da man shanu da albasa. Wannan Musulmi zai ci hankalinsa kwance. Himmel un Äd, watau sama da ƙasa, suna mai daɗin ji, dankalin Turawa ne da tuffa, amma a kansa ake ɗora soyayyen tsiran jinin alade. Kölsche Kaviar ma jinin ne, ba ƙwan kifi ba. Hämmche ƙafar alade ce, Mett kuwa ɗanyen nikakken namansa ne a kan burodi. Sauerbraten asalinsa naman doki ne da aka jiƙa a ruwan tsami, yanzu galibi na sa ne, amma ba yankan Musulmi ba. Rievkooche, wainar dankali, tana da daɗi ƙwarai da zafinta, sai dai a tambaya da wane mai aka soya.

Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zama inda ake shaye-shaye ba, ba zai kwana da yunwa ba. Tun 1961 Jamus ta Yamma ta fara ɗauko ma'aikata daga Turkiyya, da yawansu suka shiga masana'antar motoci ta Ford a Kolon, zuriyarsu kuwa ta kafa gidajen abinci. Tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa daga tasha zuwa titin Weidengasse, inda ake gasa naman rago a kan gawayi, a kawo shi da shinkafa da shayi a ƙaramin kofi. Mai sauran ƙarfi ya haye kogi zuwa titin Keupstrasse a unguwar Mülheim, can ne masu baklawa suke.