Rufin da Ya Yarda Ya Rusuna

Da na kammala bautar ƙasa, sai na zuba ragowar alawus ɗina wajen haɗa 'yar rumfa mai taya a Samaru, domin in riƙa bin kasuwannin ƙauye da littattafai, ina kwana cikinta. Mai walda ya lanƙwasa kwanon rufin kamar bakan gizo, amma silin ya gagara.

Na shiga 'yan katako a Sabon Gari. Allon da na fara saya ya tsage tun bai rusuna ba. Na roba kuwa, zafin Afrilu ya sa ya saki. Aljihuna ya kusa bushewa.

Wani dattijon kafinta ya ce, "Ɗana, da azara da laka Babban Gwani ya ɗaura bakan masallacin Juma'a na birnin Zazzau. Nemi abin da ke lanƙwasuwa."

Tabarmar kaba na sayo, wadda a da nake rainawa. Muka danne ta da tsagin gora, ta bi bakan sak, ta tare zafin kwano. Darena na farko a Giwa, na kwanta ina kallon saƙarta, kunya da godiya suna kokawa a zuciyata.