Tiyon Da Na Ƙyale

'Yan makaranta, na san yawancinku in an ambaci mota, abin da zai fara faɗo muku a rai shi ne inji, ko ƙafafu, ko sitiyari. Da wuya a sami wanda zai tuna da tiyon da ke kai fetur daga tanki zuwa inji, don kuwa ɗan siriri ne baƙi, kaurinsa bai fi na yatsa ba, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Ni ma da haka na ke, har ran da wani guntunsa, wanda tsawonsa bai fi taƙi biyu ba, ya kunyata ni gaban wani dattijo a Ingila. To, ga yadda aka yi.

A cikin shekarar 2022 aka aika da ni wani gari kusa da Oksfod, in ƙaro ilmin koyar da kimiyya. Aka sauke ni gidan wani tsohon Bature, wanda ya ba saba'in baya da nisa. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo tana aure a wani gari. Ni ina ce masa Baba, shi kuwa da ya tambaye ni yadda a ke kiran mai koyarwa a ƙasarmu, sai ya riƙe Malam, bai ƙara kiran sunana ba. Ɗakin da ya ba ni bisa gareji ya ke, a cikin garejin nan kuwa akwai wata 'yar mota ja, mai kujera biyu tak, rufinta na tamfol, a kan naɗe shi in rana ta fito. Irinta Turawa ke yi don gudu da shan iska, ba don ɗaukar kaya ko iyali ba. Sunanta MGB. A wani gari Abingdon a ke ƙera su, bai kai mil goma daga Oksfod ba, tun daga 1962 har 1980 da aka rufe ma'aikatar, an kuwa yi fiye da rabin miliyan. Tasa ta 1969 ce, shekarar da ya yi aure ya saye ta, a cikinta ya ɗauko amaryarsa.

Tun makon farko na riƙa jin warin fetur a ɗakina in dare ya yi. Na yi shiru, don baƙo ba ya fara kwana da ƙorafi. Amma ran da 'yar ta zo gaishe shi, ko zama ba ta yi ba ta ji. Ta ce masa a cikin garejin nan fa tukunyar gas mai ɗumama ruwan gida ta ke, ga baƙo yana kwana a bisa, saboda haka in wata ya ƙare warin bai tafi ba, motar za ta tafi. Gaskiya ta faɗa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a ƙasa ya bi daɓe kamar ruwa, kuma sanyi ba ya hana shi kamawa, tartsatsi guda ya ishe shi. Tsohon ya san haka sarai, ya kuma san gyaran, gama shi ya ke yi wa motar kome shekara hamsin da ɗoriya. Sai dai amosani ya tanƙware masa yatsu, sifana ma ba ya iya damƙe ta. Da dare ya dube ni ya ce, "Malam, ni ina da sani ba hannu, kai kana da hannu. Ko za ka ara mini?" Na ce, "Baba, ai ni kimiyya na ke koyarwa." Yanzu in na tuna wannan amsa sai kunya ta kama ni.

Kafin in ci gaba, ya kamata ku san hanyar da mai ke bi a irin wannan mota. Tanki yana baya, a ƙarƙashin wurin ajiye kaya. Kusa da ƙafar baya ta dama akwai ɗan famfo mai aiki da batir, shi ke zuƙo mai ya tura cikin bututun ƙarfe, ya bi ta ƙarƙashin mota har gaba. A can sai mai ya shiga kafireto, su biyu ne jere a gefen hagu na inji. Wanda gidansu akwai babur ko ƙaramin janareta ya riga ya san kafireto. Aikinsa ya gauraya fetur da iska, watau kamar kashi 15 na iska bisa nauyi, kashi 1 na mai. Iskar da inji ke shaƙa tana ratsawa ta wani matsattsen maƙogwaro, sai ta fizgo mai daga wata 'yar kafa ta watsa shi, kamar yadda famfon fesa maganin sauro ke yi. Motocin zamani sun bar wannan dabara, su kwamfuta ke auna musu mai. Na wannan mota ana ce da su SU, waɗansu 'yan'uwa masu suna Skinner suka ƙago su, suka kafa kamfani a 1910. Gidansu masu sana'ar takalma ne, don haka na farkon da suka yi da ɗan zugazugi na fata a ciki, abin da ya ba ni dariya, na tuna da maƙeran garinmu.

To, inji yana girgiza, famfo yana girgiza, bututun ƙarfe kuwa ba ya so a girgiza shi, sai ya tsage. Saboda haka duk inda ƙarfe zai sadu da abin da ke motsi, sai a sa guntun tiyo na roba tsakani. Nan aibin ya ke. Roba tana tsufa, zafi yana busar da ita. Bugu da ƙari, fetur ɗin kansa ya sāke. Tun watan Satumba na 2021, man da a ke sayarwa yau da kullum a Ingila ya koma wanda a ke kira E10, watau har kashi 10 cikin 100 nasa itanol ne, ruwan barasa da a ke tatsa daga hatsi ko rake. Itanol yana cin tsohuwar roba daga ciki, ya kumbura ta, sa'an nan ta bushe ta yi tsaga. Wanda ya yi tiyon 1969 bai san da zuwan wannan mai ba. Abin da ya ƙara muni kuma, a wannan inji kafireto suna zaune ne bisa bututun hayaƙi, wanda kan yi zafin da zai soya nama, tsakaninsu sai wani faifan ƙarfe kawai. Ɗigon da ya zubo daga nan, ya san inda zai sauka.

Ran Asabar, cikin watan Nuwamba, muka turo ta waje, don ba a wannan aiki a rufaffen ɗaki. Baba ya zauna a kujera da bargo bisa gwiwa, tukunyar kashe gobara a gefensa, yana ba da umarni. Na fara cire wayar batir. Batir nata biyu ne ƙanana, a bayan kujeru a ke ɓoye su, dab da famfon. Muka zuƙe sauran man tanki cikin jarka ta ƙarfe, muka kai nesa. Na ɗaga bayanta da jak, ya hana ni shiga sai da na tokare ta da ƙafafun ƙarfe biyu, ya ce jak don ɗagawa aka yi shi, ba don riƙewa ba. Fitila ma ya ce sai tocila, kada in jawo ƙwan lantarki mai zafi.

Sabon tiyon da ya saya yana da rubutu a jikinsa daga farko har ƙarshe, SAE J30 R9. Ya sa na karanta masa da ƙarfi. Wannan lamba ita ke nuna an shimfiɗa masa wata irin roba a ciki wadda itanol ba ya ci da wuri. Faɗin raminsa iri biyu ya tanada, na rubu'in inci da wanda ya ɗara shi kaɗan, don bakunan ba ɗaya su ke ba, wanda ya yi yawa zai yi yoyo, wanda ya matse zai tsage. Na kama tsohon tiyo na bakin kafireto zan fizge, ya daka mini tsawa. Ashe ɗan bakin tagulla da tiyon ke kamawa cusa shi kawai aka yi a murfi, in ka ja da ƙarfi sai ya biyo ka. Sai dai ka tsaga robar a tsaye da wuƙa mai kaifi, ka ɓare ta kamar ɓawon rake. Sabon kuwa ka yanka bakinsa daidai, ka tsoma a ruwan zafi ya yi laushi, ka tura har ya wuce ƙullin bakin, ka bar masa ɗan sassauci don girgizar inji, kada kuma ya goga da wani ƙarfe. Zoben da ke ɗaure shi ma akwai magana. Akwai mai tsaga-tsaga wanda kan ci roba in an matsa, akwai mai santsi wanda ke kamawa kewaye ɗaya. Mai santsin ya ba ni, ya ce in murɗa har roba ta fara tasowa kaɗan, in tsaya nan. Na gaba duka muka gama kafin azahar, har da ɗan guntun da ke haɗa kafireto biyu. Ko wanne na cire sai ya karɓa, ya lanƙwasa shi biyu, ya nuna mini tsagar da ta buɗe.

Bayan na yi salla muka koma baya. A lokacin nan rana kan faɗi a Ingila tun ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, daɓe kuwa sanyinsa yana ratsa ƙashi. Na shiga ƙarƙashi a rigingine, tsatsa tana zubo mini a ido. Tiyo biyu ne a jikin famfo, na shiga da na fita. Na shigar baƙi ne tsirara, duk ya fashe, na sāke shi. Na fitar kuwa an saƙa masa riga ta siraran wayoyi, da na goge shi da tsumma sai ya yi ƙyalli kamar azurfa. Notinsa ya ci tsatsa, na sa sifana sau biyu, ya ƙi, fatar yatsana ta saɓule. Sai na ce a raina, wannan ai sabo ne, wa zai ɓata lokaci a kansa? Na fito ina kakkaɓe riga.

Baba ya ce, "Malam, na fitar fa?"

Na ce, "Ƙalau ya ke, Baba."

Ya ce, "Ka lanƙwasa shi?"

Na ce, "Na duba shi sosai."

Ku lura da amsar nan. Ba ƙarya ba ce ƙiri-ƙiri, amma ba ita aka tambaye ni ba. Sau nawa na tsai da yaro a aji, na ce ya yi gwajin ko kuwa amsar ya kwafa, ya ce mini ai amsar daidai ce? Tsohon bai ce kome ba. Ya sa na zuba galan guda a tanki, na mai da wayar batir, ya ce in murɗa makulli rabi, kada in ta da inji.

Famfon SU yana da wata ɗabi'a. In an kunna shi sai ya yi ta ƙas, ƙas, ƙas da sauri, har kwanonin kafireto su cika. A cikin ko wane kwano akwai ɗan tulu mai yawo bisa mai, in ya taso sai ya tura allura ta toshe ƙofa. Da hanya ta toshe, famfo sai ya yi shiru, ba ya sake bugawa sai jifa-jifa. In kuwa ya ci gaba da bugawa alhali inji ba ya sha, to, mai yana fita ta wani wuri. Muka saurara. Ya buga da sauri, ya lafa. Har na fara murmushi, sai ƙas. Baba ya ciro agogonsa. Ƙas. Ya ɗaga yatsa yana ƙirgawa, daƙiƙa biyar, ƙas. Biyar kuma, ƙas. Bai dube ni ba, agogo kawai ya ke kallo, ni kuwa ko wane bugu sai in ji kamar a ƙirjina a ke yi. Da ya ƙirga na shida na kashe makulli, na ce, "Baba, ban taɓa shi ba. Notin ne ya ƙi, na gaji."

Ya ce, "Na sani. Ni na ɗaura wannan tiyo, matata tana riƙe mini fitila. Ban taɓa jin ƙarar kwancewarsa ba ɗazu." Sa'an nan ya miƙo mini wani man sassauta tsatsa, ya ce in fesa in jira, la'asar ta kusa wucewa, in je in yi salla tukuna.

Da na dawo na sake cire batir, na koma ƙarƙashi da tocila a baki. Rigar wayar nan da na goge ta yi duhu da danshi, ɗigo yana taruwa a ƙasanta. Notin ya kwance a juyi na uku. Na kawo masa tiyon, ya sa na datse wayoyin da filaya, muka zare rigar. Robar ciki ta tsattsage kamar laka a fadama da rani, da na lanƙwasa sai ta karye biyu a hannuna, baƙin gari ya zubo a tafina. Ya ce garin nan ma wata masifa ce, yakan bi mai har kafireto, ya maƙale a bakin allura ta kasa rufewa, kwano ya yi ambaliya bisa inji mai zafi. Don haka washegari sai da muka buɗe kwanonin biyu muka wanke, muka kuwa tarad da shi kwance a gindi. A wurin mai rigar sai muka sa tiyo tsirara, ya ce ya gwammace mummuna wanda zai iya gani.

Ran Lahadi da hantsi muka sake gwadawa. Famfo ya buga da sauri, ya lafa, ya tsaya. Baba yana kallon agogo, ni ina kallon Baba. Daƙiƙa talatin suka wuce, sittin suka wuce, shiru. Ya sa na bi ko wace mahaɗa da farar takarda, ina dannawa ina dubawa, duk ta fito a bushe. Sa'an nan ya ce in ta da ita. Muka bar ta tana aiki har ta yi zafi, na sake bi da takarda, na ƙara wa zobe biyu rabin juyi.

Ya aike ni ɗakinsa na ɗauko wani tsohon littafi mai baƙin bango, inda ya ke rubuta duk abin da aka yi wa motar tun 1969. Shafukan farko da hannun matarsa ne. Yatsunsa ba su riƙe alƙalami, sai ya yi mini shifta: kwanan wata, yawan mil, lambar tiyo, da guntu nawa aka sāke. Na rubuta, na miƙa masa. Ya karanta, ya mayar mini, ya ce in ƙara a ƙasa, "Na bayan famfo, sau biyu aka shiga."

'Yar ta zo ran Asabar ta gaba. Ta buɗe gareji, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ja numfashi sau biyu, sa'an nan ta rufe, ta tambayi ko akwai ruwan zafi na shayi.