Shekaru Bakwai na Shiru

Ƙanwata tana da shekara biyu sanƙarau ya kama ta, cikin wata bazara mai tsananin zafi, a ƙauyenmu da ke tsakanin Gaya da Ajingi. Allah ya tashi kafaɗunta, amma jinta bai dawo ba. Mun yi watanni ba mu lura ba. Inna tana ɗauka taurin kai ne ke hana ta waiwayowa idan an kira ta. Da abin ya bayyana, maƙwabta suka ce iska ce, aka shiga hayaƙi da jiƙe-jiƙe. Ba a sami wanda ya ce a kai ta asibiti a auna kunnenta ba.

Ranar da Baba ya kai ta ajin share fage, malamin ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ban san yadda zan koyar da ita ba." Ban ga laifinsa ba, domin shi ma ba a taɓa koya masa ba. Haka ta zauna a gida, tana nuna baki idan yunwa ta kama ta, tana kuka idan mun kasa fahimtarta. Sai da ta shekara tara aka kai ta makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki a birnin Kano, inda ta koyi maganar hannu. Hutun farko da ta dawo, ta tambaye ni da yatsunta: me ya sa aka daɗe ba a yi mata magana ba?

Wannan tambaya ce ta kai ni Sashen Ilimi na Musamman a Jami'ar Bayero. A can na gane cewa shekarun farko na rayuwa su ne lokacin da harshe ke kafuwa, ko na baki ko na hannu, kuma abin da ya wuce yaro a lokacin da wuya ya cim masa duka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara, kuma a Janairun 2019 aka rattaba hannu kan dokar hana nuna wa masu nakasa wariya. Amma doka ba ta shiga ƙauye da ƙafarta.

Roƙona ƙarami ne. Ma'aikaciyar lafiyar da ke yi wa jariri rigakafi ta gwada jinsa, ta tura wanda ta yi shakka a kansa asibiti. Kowace mazaɓa a Gaya da Ajingi ta sami malami ɗaya da ya iya maganar hannu, ya koya wa yaro da uwarsa tare. Ƙanwata ta yi asarar shekara bakwai, kuma har yau Inna ba ta iya yi mata tatsuniya ba.