Sukuwa a Turke



A Kano, in aka ga magidanci da furfura a gemu yana tuƙa keke, abu biyu ake zato: ko dai duniya ta juya masa baya, ko likita ya tsorata shi da hawan jini. Ba a cika kawo na uku ba, wato mutum ya hau don yana so. Mu 'yan na ukun ne. Ba mu da yawa, ba mu da rajista, ba mu da shugaba sai wanda ya fi kowa shekaru. Akwai Alhaji, ɗan kasuwa, shi ne babbanmu. Akwai Malam da ke koyarwa a sakandare, da ma'aikatan ofis, da wani ɗalibin jami'a da muke kira Auta. Ranar Asabar in an sallame Asuba mukan ɗauki hanyar Gwarzo ko ta Madobi tun kafin tifofin yashi su cika titi, mu yi kilomita 40 ko 50, mu sha shayi a wani ƙauye, mu juyo kafin rana ta yi zafi.

Iyayenmu sun hau Rali don zuwa gona da kasuwa. Mu muna hawa ne mu je mu dawo, babu saƙo, babu kaya a kariya. Shi ya sa in ɗayanmu ya faɗi, jajen da ake masa yakan zo da jela. Wanda babur ya kayar a hanyar neman abinci, "Allah ya kiyaye gaba" ake ce masa a tashi. Mu sai an ƙara da, "Amma dai ai ka girmi wannan."

Faɗuwa kuwa ana yin ta. Yashi a kwana, rami da ruwa ya rufe, akuya, ko ɗan adaidaita da ya hango fasinja ya yanko babu sigina. Mutum yana faɗowa yakan miƙa hannu ya tari ƙasa, ko ya sauka a kan kafaɗa, sai nauyin ya taru a ƙashin nan siriri da ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa, ya ɓalle. Karayar masu keke ke nan a duk duniya, kuma a jikin babba takan ci mako 6 zuwa 12 kafin ta haɗe. A shekara guda mutum biyu muka kai asibiti. Auta ya karye a wuyan hannu. Alhaji kuwa wannan ƙashin na kafaɗa ne, da haƙarƙari biyu, hular kwanonsa ta tsage gida biyu, ita ta ɗauki abin da kansa zai ɗauka.

Wanda bai taɓa irin wannan jinya ba yakan ɗauka ciwon ne wahalar. Ciwo yana da magani. Makon farko gida cike yake da 'yan dubiya, da lemo da ayaba. Mako na biyu sai 'yan uwa na jiki. A na uku sai a bar ka kai da ranar Asabar. Ka farka a lokacin da ka saba, ka yi salla, ka zauna, hotunan 'yan uwanka suna shigowa WhatsApp daga teburin mai shayi. Ƙafafunka lafiya lau, babu abin da ya same su, amma kana ji ƙarfin da ka shekara kana tarawa yana tsiyayewa kamar ruwa a tulun da ya tsage. Alhaji ya ce mana a lokacin ya gane ba motsa jiki kawai yake fita yi ba. Awa uku ne a mako da babu mai ce masa Alhaji a kawo kuɗin kaza.

A nan na'urar ta shigo. Wani ƙaninsa da ke Ingila ne ya aiko masa da ita, kwance. Ana cire tayar baya, a ɗora keken a kanta, a maƙala sarƙa a haƙoran da ke jikinta. Kana taka feda tana auna ƙarfin da kake zubawa, da ma'aunin wat, irin wanda ake rubutawa a jikin ƙwan lantarki, ta tura wa waya ko kwamfuta ta Bluetooth. Manhajar sai ta haɗa wannan ƙarfin da nauyin jikinka da yanayin hanyar da ke allo, ta fitar da gudun ɗan mutum-mutumin da ke wakiltarka. In ya iso tudu, na'urar ta ɗaure, feda ta yi nauyi. In gangara ce, ta saki. Mutanen da kake gani a gefenka ba zane ba ne kawai, galibi kowane da mai shi, yana can yana zufa a ɗakinsa a Jamus ko Japan, da tutar ƙasarsa kusa da sunansa.

Mun ɗan yi gardama kan abin da za mu kira ta, kuma 'yan wannan zaure za su so jin yadda aka ƙare. Wani ya ce injin motsa jiki, aka ce wannan sunan kowa da kowa ne. Malam ne ya raba gardama. Ya ce tun da keke dokin ƙarfe ne, abin da ake ɗaure doki a jikinsa a tsakar gida ai yana da suna tun kaka da kakanni. Daga ranar ta zama turke.

Manhajar da ta fi suna ita ce Zwift, ta wani kamfani a Kalifoniya, ta fito a 2014. Tana da tsibirin ƙirƙira mai suna Watopia, har da wani dutse da aka kwaikwayo daga Alpe d'Huez na Faransa, da kwanoninsa 21. A 2020, lokacin kullen korona, a cikinta aka yi wani Tour de France na allo a watan Yuli, a Disamba kuma aka yi gasar duniya ta farko ta irin wannan tsere, Ashleigh Moolman-Pasio ta Afirka ta Kudu ta cinye ɓangaren mata. Sai dai kuɗin wata ake biya, da dala, kusan 20. Kowa ya san abin da hakan ke nufi a aljihun mai karɓar naira. Shi ya sa muka koma MyWhoosh, ta Abu Dabi, wadda kyauta ce. Sauran matsalolin namu ne na gida: data, da wutar da za a ɗauke kana tsakiyar hawa dutse, da zafi. A titi iska ce ke shanye zufa ba ka sani ba. A turke babu iska, minti 10 ya isa ka jiƙa tabarma. Wanda zai hau turke a watan Afrilu a Kano ba tare da fanka mai caji da gorar ruwa biyu ba, ya nemi wata jinyar.

Babu mai shiga wannan harka da karaya a jikinsa da ba za a ba shi labarin Mathew Hayman ba. Ɗan Ostireliya ne, ƙwararre, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa manyan ƙungiyarsa hidima a tsere, yana tare musu iska, yana ɗauko musu ruwa. A ƙarshen Fabrairun 2016 ya faɗi a wani tsere a Beljiyam ya karye a hannu. Saura mako 6 a yi Paris-Roubaix, tseren da ya fi ƙauna, mai tsawon sama da kilomita 250, wanda fiye da 50 daga ciki a kan tsofaffin hanyoyin duwatsu ne masu girgiza ƙashi. Ya shiga garejinsa ya ɗora keke a turke, ya kafa tsani a gefe ya ɗora karyayyen hannun a kai, ya dinga tuƙi a Zwift. Ranar 10 ga Afrilu ya shiga tseren yana da shekara 37, ya tsere wa Tom Boonen, gwanin da ya ci sau huɗu yana neman na biyar, a 'yan mitocin ƙarshe.

Labari ne mai daɗi, kuma gaskiya ne. A ganinmu magani ne da ke da guba a gindin kwalba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Hayman sana'arsa ke nan, yana da likitocin ƙungiya da ke duba hannun, yana da shekaru kusan 20 na tsere a ƙafafunsa. Auta ya haddace labarin kamar karatun allo. Da filasta a hannu ya riƙa zuwa garejin Alhaji, kuma cikin 'yan makonni lambobinsa suka dawo inda suke, har suka ɗara. Sai ya fara lissafin ranar komawa titi da lambar da ke allo. Mai gashin ƙashin da ke duba shi ce ta taka masa birki. Ta ce, "Ƙanena, na'urar nan cinyarka take aunawa. Ba ta san kana da hannu ba." Ta nuna masa hoton ƙashin, inda sabon ƙashi ya fara taruwa a bakin karayar kamar hazo, ta ce wannan ɗanye ne tukuna, rami ɗaya a titi ya isa ya mayar da shi farko.

Nan ne haɗarin turke yake. Huhu da cinya suna saurin dawowa, ƙashi kuwa da kwanakinsa yake tafiya, ba ya jin roƙo. Kuma akwai raunin da turken ma ba a hawa sai likita ya yarda. Wanda kansa ya bugu, yana jin jiri ko ciwon kai ko haske na damunsa, kallon allo da haki duk suna iya ƙara masa. Hular da ta taɓa shan ƙasa kuma ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba, sai a sayi wata. Auta ya haƙura ya cika kwanakinsa, ya yi ta matsa ƙwallon roba da juya wuyan hannu kamar yadda aka koya masa. Yanzu shi ke gaba, mu ke haki a bayansa.

Na Alhaji ne bai ƙare haka ba. Ƙashi ya haɗe, likita ya sallame shi, hannu yana ɗaguwa har sama. A turke ya fi yadda yake kafin ya faɗi, ya rage tumbi, har dutsen nan mai kwana 21 ya taɓa hayewa. Ranar da ya ce zai fito muka je har ƙofar gida muka ɗauke shi. Ba mu yi kilomita biyu ba wani ɗan adaidaita ya matsa hon a bayanmu, hon na yau da kullum, ba kusa ba ma. Alhaji ya damƙe birki biyu, ya sauke ƙafa, ya tsaya a gefen titi hannunsa yana rawa. Ya ce, "Ku je kawai, zan biyo ku." Bai biyo ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

A cikin allo ba a faɗuwa. Mutum-mutuminka yana iya ratsa na wani ya wuce kamar iska, kwana tana shan kanta, babu yashi, babu akuya. Wata uku ya yi yana gina ƙafa a duniyar da babu abin tsoro, tsoron kuwa yana nan zaune inda ya bar shi, ba a taɓa shi ba. Ga kuma Hajiya, wadda ita ta kwana a kujerar asibiti, ita ta riƙa sa masa riga. Ta ce masa a gabanmu, ba da faɗa ba, "Alhaji, ga keke nan a gareji, ka yi ta hawa har dare. Amma titin nan, ka duba yaran nan." Babu wanda ya iya ce mata komai a cikinmu, don babu ƙarya a maganarta.

Daga nan ra'ayi ya rabu. Malam, wanda shi ya raɗa wa abin suna, shi ya fi kowa raina shi. Ya ce dokin kara ne na manya. Ya ce hawan keke shi ne sanyin Asuba a fuska, da ƙanshin ƙasa in an yi ruwan farko, da yaran ƙauye da ke bin mu da gudu suna ihu, da tsohon da ke ɗaga mana fartanya daga gona. Duk gaskiya ne, turke ba shi da ko ɗaya. Amma yawancinmu ba mu bi shi har ƙarshen maganar ba. Mun ga abin da turken ya riƙe. Ba don shi ba, da Alhaji ya koma kujera da hawan jininsa, da keken ya zama abin rataya shanya, da zumuncin ya koma gaisuwar Salla. Mutumin da ya yi awa guda yana zufa, zuciyarsa tana bugawa kamar tamu, ba mu ga dalilin da za a ce masa wasa yake ba. Kuma ba ma ganin hurumin aboki ne ya tura magidanci titi don a cika hoto.

Abin da muka yi shi ne muka ƙara rana. Laraba bayan Isha a garejin Alhaji ake haɗuwa. Turke ɗaya ne, sai wani na biyu mai arha da muka yi karo-karo muka saya, don haka bi da bi ake hawa, minti 20 kowa, saura suna zaune a benci suna kallon allo suna tsiya. Hajiya takan aiko da zoɓo. Malam ma yana zuwa, wai kallo, amma ba a taɓa tsallake layinsa ya yi shiru ba.

Asabar kuma Alhaji ya ɗauki wani aiki da babu wanda ya ba shi. Yakan biyo mu a mota a hankali, da fitilun gargaɗi a kunne, ya tsare mana baya daga manyan motoci, da ruwa da famfo da kayan faci a but. Tun da ya fara, tifa ba ta sake matse mu ba. Makonni uku da suka wuce muka lura ya kwantar da kujerun baya ya sa kekensa a ciki, tayoyi a cike da iska, hular kwano sabuwa a rataye a hannun keken. Har muka je muka dawo bai sauke shi ba. Satin da ya biyo ma haka. Mun yi shawara a bayan idonsa cewa babu mai tambayarsa, kuma Auta ne muka fi ja wa kunne.