Yaɓe Kafin Damina

Katangar ta faɗi ne wajen ƙarfe uku na dare, cikin watan Agusta na 2022, bayan an wuni an kwana ana ruwa. Maigidan ya ji ƙarar kamar an sauke buhunan hatsi daga mota. Da ya fito ya haska fitilar wayarsa, sai ya ga bulo ya baje a daidai inda 'ya'yansa uku suke shimfiɗa tabarma su kwana duk lokacin zafi. Ruwan da ya kayar da katangar shi ne ya kori yaran zuwa ɗaki tun da magariba. Ya tsaya cikin yayyafi yana ta salati, ƙafafunsa na rawa.

Ma'aikacin gwamnati ne a Dutse, mai digiri biyu, wanda a ofis aka san shi da tsari. Shekara tara ya yi yana gina gidan da albashi da adashi da rance: fili, harsashi, linta, rufi, sannan fenti. Ranar tarewa aka yi walima, aka yi addu'a, shi kuma ya sa a ransa cewa ya gama da maganar gini. Shekara shida da suka biyo baya bai taɓa sa tsani ya leƙa rufin ba, bai kuma taɓa zagayawa bayan katangar ba. Motarsa kuwa, ko mako ɗaya ba ya bari ta wuce lokacin juyen mai.

Wata uku kafin wannan dare, mahaifiyarsa ta zo ganin likita daga ƙauyensu da ke ƙasar Kiyawa. Da yake shi ne ɗan fari, ba ta kiran sunansa. Wata safiya ta dafa katangar da tafin hannu, ta dubi inda fenti ya kumbura yana zubar da farin gari, ta ce, "Kai, wannan ginin naku yana shan ruwa ta ƙasa. Ku a nan ba ku yin yaɓe ne?"

Ya yi murmushi ya ce, "Inna, ai siminti ne, ba ya bukatar yaɓe."

Ta ce, "To, Allah ya tsare."

Abin da gidan ƙasa ya sani

Tambayar tsohuwar ta fito ne daga wani ilimi da ya daɗe. Gidan ƙasa na Bahaushe yana tafiya da shekara. Ana gina shi da tubali, a rufe da azara, a kafa indararo mai tsawo domin ya jefa ruwan soro nesa da gindin bango. Idan bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, maza su kwaɓa ƙasa su toshe tsagu, su sake yaɓe, a shafe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa mai hana ruwa ratsawa. Mata su gyara daɓen ɗaki. Wannan aiki kamar sharar gona yake. Ba a jiran sai wani abu ya lalace. Gidan ƙasa ba ya ɓoye ciwonsa, saboda haka mai shi ba ya sakewa.

Gidan siminti shi ma yana ciwo, sai dai yana iya ɓoyewa shekara da shekaru a bayan fulasta da fenti da silin. Dutse kuma gari ne da gidajen siminti suka yi masa zuwan ambaliya. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da garin babban birninta, ma'aikata suka kwararo daga Kano. Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 ya ƙara jawo jama'a. Garin ya bazu daga Garu, inda fadar sarki take, zuwa Takur da Fagoji da Ɗanmasara da abin da ya wuce su. A sababbin unguwanni da yawa gidaje sukan riga magudanan ruwa zuwa. Duwatsun da suka ba garin sunansa kuwa ba sa shan ruwa; abin da ya sauka a kansu gangarowa yake yi, da sauri, zuwa inda mutane suke.

Lissafin magini

Da gari ya waye ya kira wani dattijon magini. Mutumin bai fara duban bulon da ya zube ba. Ya ɗaga kai ya dubi bakin kwano, ya bi tsakar gida da ido, sannan ya fita ya zagaya baya.

Ya ce, "Alhaji, ba ruwan jiya ne ya kayar da ita ba. Ruwan shekara shida ne."

Bayaninsa ya yi daidai da lissafin da kowa zai iya yi. Ruwan sama mai zurfin milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 150, idan aka yi ruwan milimita 40 a dare ɗaya, ya zubar da lita 6,000, wato jarka 240 ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Rufin gidan ba shi da mazirari, saboda haka duk wannan ruwa a gindin bango yake sauka. An malale tsakar gida da siminti, amma gangarenta ya karkata wajen katanga maimakon ƙofa. Katangar ba ta da kafofin fitar ruwa a ƙasanta, sai ta zama madatsa. A waje kuma kwatar layin ta cushe da yashi da ledojin ruwa. Kowace damina ruwa yana kwanciya, yana tausasa ƙasar da harsashi ya hau, bulo kuma yana zuƙarsa sama kamar yadda lagwani yake zuƙar kalanzir. Farin garin da tsohuwa ta gani gishirin da ruwan ya bari ne bayan ya bushe. Alamar ta daɗe a fili, babu dai mai karanta ta.

Gyaran da ya ba da bai ƙunshi wani abin mamaki ba: mazirari a bakin kwano da bututun da zai kai ruwa tanki ko kwata, daɓen siminti mai faɗin kamar mita ɗaya kewaye da ginin, mai gangara waje, ginshiƙai masu rodi a jikin katanga, da kafofi a ƙasanta. Da ya haɗa kuɗin waɗannan duka, bai kai na sake gina katangar ba.

Ruwan da bai kayar da komai ba

Uwargidansa ce ta jawo hankalinsa ga sauran lissafin. Ta ce, "Malam, katanga kaɗai kake gani. Ka ƙirga sau nawa muka kai yaran nan asibiti daga Yuli zuwa yanzu."

Nijeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. Sauro yakan tashi daga ƙwai ya zama mai cizo cikin kamar kwana bakwai zuwa goma idan akwai ɗumi, saboda haka duk ruwan da ya kwana mako guda a gida ya zama gonarsa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, sauron da ke yaɗa wannan zazzaɓi ya fi son ruwa mara zurfi, mara ƙazanta sosai, wanda rana ke duka: ɗan tabkin tsakar gida, ramin da aka ɗebi ƙasa, sawun taya a ƙofar gida. Baƙar kwata da tsofaffin tayoyi suna haifar da wasu nau'o'in, kuma su ma suna da nasu cututtukan. Cike rami da yashi, kife robobi, ɗinke gidan sauro da shanya shi a inuwa bayan wanki, da karɓar maganin rigakafin da ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar wata-wata a damina, duk aikin gida ne kamar gyaran rufi.

Sai ruwan sha. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,000, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. A Oktoban 2022 aka ayyana jihar a matsayin ta farko a ƙasar da ta kawo ƙarshen bahaya a fili. Nasara ce babba, amma ta zo da sabon nauyi: kowane gida yanzu yana da rami. Shawarar da masana tsafta suka saba bayarwa ita ce a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya, abin da ƙaramin fili na cikin gari ba ya iya ɗauka, ga shi ƙasa mai yashi ba ta tare abin da ke tsiyaya. Wanda bai da wannan tazara sai ya ɗaga bakin rijiyarsa, ya rufe ta, ya tafasa ruwan sha ko ya sa masa sinadarin kulorin, musamman a Agusta. Da maigidan ya hau ya buɗe tankinsa, sai ya tarar murfin ya tsage, ga laka a ƙasa mai kaurin yatsa biyu.

Shekara kashi huɗu

Daga baya ya sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, ya raba shi huɗu, yadda manomi yake raba shekara.

Bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin rufi ne da ruwa. Zafin rana yana sa kwano ya miƙe ya koma, ƙusoshi su saki, iskar farkon damina kuma da sakakken kwano take fara wa. Kafinta ya hau ya danne, ya toshe. A yashe kwata, a wanke tanki, a sare reshen da ya rufa kan waya ko rufi. A buɗe tagogi da dare, domin cunkoso a ɗaki mara iska yana taimakon sanƙarau.

Damina lokacin sa ido ne. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi a zagaya gida ciki da waje, a ga inda ruwa ya tsaya. Tabo a silin yoyo ne, ba a rufe shi da fenti. Tsaga a bango a ja layi da fensir a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata. Idan ta wuce layin, aikin magini ne, kuma kada kowa ya kwana a gindinta. Takardun fili da na makaranta su shiga leda mai rufewa, a ɗora su sama, a ɗauki hotonsu a waya.

Kaka lokacin ɗakin ajiya ne. Buhu ba ya zama a ƙasa ko jikin bango. A ɗora shi kan katako. Masara da gyaɗar da ba su bushe sosai ba suna yin funfuna mai guba, wadda ke lalata hanta a hankali. Ƙwayar maganin da ake jefawa cikin buhun wake tana fitar da iska mai kisa idan ta sha danshi, don haka ba ta da wurin zama a ginin da mutane ke kwana. Buhun PICS mai riɓi uku yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. A toshe ramukan ɓera, a rufe abinci, domin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga gida, kuma da rani ya fi yawa.

Hunturu lokacin wuta ne. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da janareto a baranda suna fitar da iskar da ba ta da wari ko launi, mai kashe mutum yana barci. Janareto sai a fili, nesa da taga. Robar tukunyar gas a shafa mata ruwan sabulu. Idan kumfa ya tashi, tana yoyo. Kalanzir da fiya-fiya kada su shiga kwalbar lemo, kada kuma su sauka inda hannun yaro zai kai. Idan yaro ya sha, ba a sa shi amai, ba a tsaya ɗura masa manja. Asibiti ake nufa, a tafi da kwalbar.

Inda ikon mutum ɗaya ya ƙare

Wannan littafi ba ya maganin komai. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, kuma a kwarin Kogin Haɗeja, wajen Ringim da Auyo da Kafin Hausa, babu yaɓen da zai tare kogi idan ya tumbatsa. Wannan nauyin hukuma ne: madatsun ruwa, yashe kogi, manyan magudanai, da hana gini a kan hanyar ruwa. Ko a cikin gari, kwata ta layi ce gaba ɗaya. Idan maigidan ya yashe tasa, na ƙasa da shi bai yashe ba, ruwan dawowa zai yi.

Shi ya sa wata Asabar cikin Mayu, bayan sallar asuba, ya tsayar da maƙwabta a ƙofar masallaci. Ba kowa ne ya amsa ba. Wani ya ce aikin gwamnati ne, wani ya ba da kuɗin lebura ya wuce. Mutum bakwai suka fito da shebur da baro. Kafin hantsi suka tara yashi da leda tsibi-tsibi, suka yi karo-karo aka kwashe, don sun san idan aka bar shi a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi ciki.

Bayan Sallar layya ta shekarar mahaifiyarsa ta sake zuwa. An riga an yi ruwa sau uku. Ta fito alwala da safe, ta tsaya wajen sabuwar katangar, ta dafa ƙasanta da tafin hannu kamar yadda ta yi bara. Ta dubi hannunta, ta ga a bushe yake.

Ta ce, "Ashe dai kun yi yaɓen."

Ya ce, "Mun yi, Inna."

Ta ce, "To, baɗi ma sai an yi."