Ciwon Kwatangwalo Da Abin Da Muke Kira Gashin Ƙashi

A gidajenmu na Dutse, Kiyawa da Jahun, duk ciwon da ya kama daga ƙugu zuwa cinya suna ɗaya muke ba shi: sanyi. Tsohuwa ta kasa zaman tahiya, sanyi ne. Manomi ya dawo daga shema yana ɗingishi, sanyi ne. Sai a kira wanzami ya yi ƙaho, a sayo diclofenac a kemis, a yi ta sha har ya taɓa ciki ko ƙoda.

Alhali kwatangwalo gaɓa ce: kan ƙashin cinya mai kamar ƙwallo yana juyawa cikin gurbinsa, guringuntsi ya lulluɓe shi. Idan guringuntsin ya cinye, zafin ya fi fitowa a matsematsi, wani lokaci har gwiwa, mutum ya yi ta shafa wa gwiwa man zafi ita kuwa lafiyarta lau. Wanda ke tasowa daga baya ya sauka har ƙafa kuma, sau da yawa jijiya ce ta danne a gadon baya.

Sunan "gashin ƙashi" ma yana ruɗar mu. Muna zuwa Asibitin Rasheed Shekoni ko FMC Birnin Kudu da tsammanin za a gasa mu da na'ura mu tashi garau. Sai likitan fisiyo ya ce mu kwanta, mu ɗaga ƙugu sau goma, mu maimaita a gida kullum. Wasunmu daga ranar ba sa komawa, wai ba a yi musu komai ba. Atisayen nan kuwa shi ne maganin: naman ɗuwawu da cinya in ya yi ƙarfi yana rage wa gaɓar nauyi, sai dai yana ɗaukar makonni. Ko sandar dogarawa, a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafa ake riƙe ta, yawancinmu akasin haka muke yi.

Akwai inda atisaye kaɗai ba ya isa. Matashi mai sikila da ya fara ɗingishi, jini ne kan daina kaiwa kan ƙashin, hoto yake buƙata da wuri, wani sai an kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Tsohon da ya faɗi a banɗaki ya kasa taka ƙafa, kada a murza, kada a jira mai ɗori. A ɗauke shi zuwa asibiti a ranar.