Ƙofar da Ake Ƙwanƙwasawa Idan Damuwa Ta Yi Yawa

Ta haura shekara saba'in, ta aurar da 'ya'ya da jikoki, kuma a unguwarsu da ke cikin birnin Kano ita ake fara aika wa yaro idan mai jego ta daina cin abinci, ko saurayi ya kulle kansa a ɗaki ya ƙi kula kowa. A ganin wannan dattijuwa, babbar asarar da iyalai ke yi ita ce ta lokaci. Sai a shekara ana cewa iska ce, sammu ne, ko kuwa "sai haƙuri", alhali marar lafiya yana ta ramewa.

Ta ga zamanin da ake kai irin waɗannan bayin Allah gidan mari. Har yau ranta na ɓaci idan ta tuna shekarar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyaye da dama da hannunsu suka kai 'ya'yansu can, don ba su san wata hanya ba.

Hanyar kuwa tana nan. Shawararta ita ce a fara da asibiti mafi kusa, a gaya wa likita gaskiya: rashin barci, yawan kuka, faɗuwar gaba, jin maganganun da ba wanda ke ji. Shi zai rubuta takardar turawa gaba. A Kano akwai asibitin Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Gwamnatin tarayya na da wasu a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri. Mutane da yawa ba su san cewa zuwa can ba dole ne ya zama kwanciya ba. Akasari ana ganin likita ne a koma gida.

Ta kuma koyi bambance masu aikin. Likitan ƙwaƙwalwa shi ke gano ciwo ya rubuta magani. Masanin halayyar ɗan'adam kuwa zama yake yi da mutum, mako bayan mako, yana sauraro yana warware masa tunani. Likitocin ba su da yawa, 'yan ɗaruruwa ne ga al'umma sama da miliyan 200, shi ya sa take cewa a yi sammako, a kuma riƙe ranar dawowa da kyau.

Wajen zaɓen mai ba da shawara ne ta fi tsanantawa, kuma tana da gaskiya. Ya kasance yana jin yaren marar lafiya, domin abin da ke cin rai ba ya fita ta bakin tafinta. Ya kasance mai riƙe sirri. Mace ta nemi mace idan hakan ya fi mata sauƙi. Wanda ya fara da faɗa, ko ya yi alƙawarin warkarwa cikin kwana uku, a bar shi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, wadda aka sanar a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba marar lafiya haƙƙin a kare mutuncinsa da sirrinsa.

Ba ta taɓa hana kowa addu'a ba, ita ma da carbinta take rakiya. Abin da take roƙo shi ne kada a yar da magani saboda an fara ruƙiyya, domin maganin ciwon damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa.

Abu ɗaya ne ba ta yarda a jira wayewar gari a kansa ba. Duk wanda ya ce ya gaji da duniya, ko ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.